Boren sojojin Indiya na 1857: kitsen harsashi ne kaɗai ya tayar da shi? Kuma ta ina aka murƙushe su?

Bazazzagi_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu gare ni a kan boren da sojojin Indiya suka yi wa Turawan Ingila a 1857. Abin da aka fi yaɗawa shi ne an ba su harsashin da aka shafa wa kitsen saniya da na alade, Hindu suka ƙi saboda saniya, Musulmi suka ƙi saboda alade, shi ke nan wuta ta tashi. Wannan bayani bai gamsar da ni ba. Mutanen da suka shekara ɗari suna yi wa Kamfanin Gabashin Indiya yaƙi, su suka ci masa Sindh da Fanjab, a ce takardar harsashi kaɗai ta juyar da su? Ta biyu, a lokacin sojojin 'yan ƙasa sun ninka na Turawa wajen sau biyar. Da irin wannan rinjaye, ta ina aka bi aka ci su? Masu sani a taimaka dalla-dalla.

Gwanin_Albarushi:
Wa'alaikumus salam. Bari in fara da bindigar kanta, don wanda bai san yadda ake ɗura ta ba zai ɗauki maganar kitse da wasa. Sunanta Enfield, samfurin 1853, faɗin bakinta inci 0.577. Ta baki ake ɗura ta kamar tsohuwar bindigarsu, sai dai cikin bututunta akwai tsaga uku masu murɗewa da ke juya dalma in ta fita, shi ya sa take cin nisa kuma take samun abin da aka auna. Harsashinta naɗin takarda ne, albarushi wajen giram huɗu da rabi a gefe guda, curin dalma a ɗaya gefen.

Ga yadda soja ke yi. Ya zaro naɗin daga jaka, ya ciji bakin takardar ta wajen albarushi ya yage, ya zazzage albarushin cikin bututu. Sai ya juya naɗin ya cusa wajen dalmar tare da takardarta, ya yage ragowar ya yar, ya danna da sandar ƙarfe har ƙasa. Daga nan ya ɗora 'yar hular tagulla mai tayar da wuta, ya ɗana, ya ja kunama.

Amfanin kitsen kuwa, dalmar kusan cika bututun take yi, baƙin albarushi kuma yana barin dauɗa mai ƙeƙashewa bayan harbi kaɗan. In babu maiƙo a jikin takardar, ɗurin maƙalewa yake yi a rabin hanya. Da aka fara naɗa harsashin a Kalkata, 'yan kwangila aka ba su kawo kitse, ba a gindaya musu sharaɗin na wace dabba ba. Hafsoshin ma'ajiyar makamai da bakinsu sun amsa cewa ba a yi wata kaffa-kaffa ba. Zargin sojojin yana da tushe.

Yar_Damagaram:
Ƙari a kan bayanin Malam Gwani. Jita-jitar ta taso ne a Dum Dum, kusa da Kalkata, cikin Janairu 1857. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta ce a ba sojoji harsashi busasshe, kowa ya shafa abin da ya yarda da shi, ko man shanu ko kakin zuma da man girki. Daga baya aka sauya tsarin ɗuri, aka ce a yage da hannu maimakon haƙori. Duk bai yi magani ba, sai ma suka ɗauke shi a matsayin amsa laifi. Zargin ya koma kan takardar kanta, saboda tana da sheƙi, aka ce ita ma da kitse aka yi ta. Harsashin da sojojin doki suka ƙi karɓa a Mirat, barikin da boren ya ɓarke, ma ba na Enfield ba ne, irin wanda suka saba amfani da shi ne shekara da shekaru. Yarda ce ta riga ta ƙare tsakaninsu da hafsoshinsu.

Tsohon_Saje:
Yawwa Hajiya, nan maganar take. Abin tambaya shi ne me ya cinye yardar. A dubi rayuwar sojan rundunar Bangal. Albashin ƙaramin soja rufi bakwai ne a wata, a ciki yake ci da kansa, kuma ya daɗe bai motsa ba. Abin da ke rufa masa asiri shi ne alawus na fita yaƙi wajen ƙasar Kamfani. Da aka ci Sindh a 1843 da Fanjab a 1849 sai aka ce ai yanzu ƙasar Kamfani ce, babu sauran alawus. Wato ka ci wa mutum ƙasa da jininka, ladanka a rage maka kuɗi.

Ƙarin girma kuma bisa daɗewa yake tafiya. Kafin mutum ya kai subedar, wato babban hafsa ɗan ƙasa, ya yi furfura, kuma duk da haka yaron Bature da ya sauka daga jirgi jiya yana gaba da shi. Sannan a Yuli 1856 aka kafa dokar da ta ce duk sabon soja sai ya yarda a kai shi ko'ina, har ƙetaren teku. Rundunar Bangal kuwa cike take da Brahmin da Rajput, manyan dangogin Hindu, waɗanda a wurinsu hawa teku na zubar da matsayin mutum, don ba zai iya dafa abincinsa shi kaɗai da tsarkin da addininsa ya tanada ba. Aikin soja gado ne a gidajensu, uba ya kawo ɗa, wa ya kawo ƙane. Dokar ta nuna musu ana shirin rufe wa 'ya'yansu ƙofa.

Alkalami_Kano:
Saje ya kawo na bariki, ni bari in kawo na gida. Dubun-dubatar sojojin Bangal 'yan Awad ne. A Fabrairu 1856 Gwamna Janar Dalhousie ya tuɓe sarkin Awad, Wajid Ali Shah, da hujjar rashin iya mulki, alhali masarautar ta daɗe tana ƙawance da Kamfani har tana ba shi rance. Abu uku suka biyo baya. An sallami sojojin sarki da barorin fada, dubban mutane suka rasa abin yi a Lakno, babban birnin Awad. An yi sabon tsarin haraji wanda ya ƙwace garuruwa da yawa daga hannun talukdar, manyan masu ƙasa da ke da ganuwa da mayaƙansu. Shi kuma sojan Kamfani ya rasa wata alfarma da yake taƙama da ita: a da in yana da shari'ar gona a gida, ta hannun wakilin Ingila a Lakno yake shigar da ƙara, a saurare shi kafin kowa. Da ƙasar ta koma hannun Kamfani sai ya zama talaka kamar kowa, ga haraji ya hau gonar ubansa. Shi ya sa a Awad abin ya wuce boren bariki, ƙauyuka ne suka tashi gaba ɗaya.

Malam_Dogari:
Ina jin tsoron kada a mayar da komai maganar kuɗi da gona. Mutanen nan da bakinsu sun faɗi abin da suke yaƙi dominsa, sanarwoyinsu cike suke da kare addini. Tun 1813 aka buɗe wa 'yan mishan ƙofar ƙasar Kamfani. A 1850 aka yi dokar da ta ba wanda ya bar addininsa damar cin gadon ubansa. A 1856 aka halatta wa matan Hindu da mazansu suka mutu su sake aure. Kwamandan bataliya ta 34, Kanar Wheler, wa'azin Kiristanci yake yi wa sojojinsa a fili, kuma da aka tambaye shi bai musa ba. A wannan yanayi aka ce ga harsashi mai kitse, ga jita-jitar an zuba garin ƙashi a fulawar da ake sayarwa a bariki. Brahmin da aka ce ya ɗanɗana kitsen saniya, danginsa ba za su ƙara cin abinci da shi ba, ba mai auren 'yarsa. Ba sai ya ci da gaske ba, zargi kaɗai ya isa ya rushe masa gida. Wanda ya kira wannan ƙaramin dalili bai auna shi da ma'aunin masu abin ba.

Tsohon_Saje:
Malam Dogari, ba wanda ya raina addini a nan. Amma akwai Hindu da Musulmi a rundunar Madras da ta Bombay, su ma sun ji labarin kitsen. Ta Madras ba ta yi bore ba, ta Bombay 'yan bataliyoyi ƙalilan ne suka motsa. Bambancin shi ne su daga dangogi barkatai aka ɗebo su, sun saba hawa teku, kuma ba ƙasarsu aka ƙwace a 1856 ba.

DanFagge_99:
Ba Mangal Pandey ba ne ya jagoranci tashin na Mirat? Sunansa aka fi ji.

Kwamanda_Baushe:
A'a ɗan'uwa, an rataye shi wata guda kafin Mirat ta tashi. Ga jerin yadda abin ya gudana. Ran 26 ga Fabrairu bataliya ta 19 ta ƙi karɓar harsashi a Berhampur, aka rushe ta a ƙarshen Maris. Ran 29 ga Maris Mangal Pandey na bataliya ta 34 ya fito filin fareti a Barrackpore da bindiga da takobi, ya raunata Turawa biyu, sauran sojoji suka tsaya kallo, in ban da wani Shaikh Paltu da ya riƙe shi. An rataye shi ran 8 ga Afrilu.

Mirat kuwa nisanta daga can ya fi kilomita dubu. Ran 24 ga Afrilu Kanar Carmichael-Smyth ya tara mutum 90 na rundunar doki ta 3, 85 suka ƙi karɓar harsashi. Kotun soja ta yanke wa yawancinsu shekara goma da aiki mai tsanani. Babban kuskuren shi ne na 9 ga Mayu. An tara dukan barikin, aka jera igwoyi da sojojin Turawa, aka tuɓe wa mutanen nan kaki da takalma, maƙera suka shiga buga musu mari a ƙafa ɗaya bayan ɗaya a gaban abokan aikinsu. Wasunsu dattawa ne masu lambar yabo. Washegari Lahadi da yamma rundunar doki ta fasa kurkuku, bataliya ta 11 da ta 20 suka bi, aka kashe Turawa maza da mata, aka ƙone gidaje.

Mirat na cikin barikokin da suka fi yawan sojan Turawa a arewacin Indiya, da dakaru da dawakai da igwa. Amma Janar Hewitt, kwamandan Turawa a wurin, bai tura kowa ya bi sawun masu boren ba. Suka kwana suna tafiya, wajen kilomita 60, da safiyar 11 ga Mayu suka haye gadar jiragen ruwa ta kogin Yamuna suka shiga Delhi, inda babu bataliyar Turawa ko ɗaya.

Uwar_Daki_Maradi:
Shigarsu Delhi ita ta sauya girman abin. Sarkin Mughal da ke zaune a can, Bahadur Shah Zafar, ya haura shekara 80, fansho yake karɓa daga Kamfani, ikonsa bai wuce ganuwar fadarsa ba. Amma sunan gidan Mughal yana da nauyi har a wurin Hindu. Da ya amince aka yi amfani da sunansa, kowace bataliya da ta yi bore ta san inda za ta dosa. Ga wani abu da ya kamata a sani: da Babbar Sallah ta zo a farkon Agusta, sarkin ya hana yanka saniya a birnin don kada a raba kan mayaƙansa, aka yi layya da awaki da tumaki. A birnin kuma malamai da dama sun sa hannu a fatawar jihadi. Duka biyun sun faru a wuri guda cikin 'yan makonni.

Bazazzagi_Tarihi:
Allah Ya saka da alheri. Ta farko ta fara haske. To ta biyu fa? A cikin bataliyoyin ƙasa 74 na Bangal an ce 54 sun yi bore. Ina rinjayen ya tafi?

Kwamanda_Baushe:
Ka fara cire Madras da Bombay daga lissafin, kamar yadda Saje ya nuna. Sai Fanjab, inda mafi yawan sojojin Turawa suke jibge saboda iyakar Afganistan. Kafin ma'aikatan tangaraho su gudu daga Delhi ran 11 ga Mayu sun buga waya zuwa Ambala, labari ya isa Lahore. Ran 13 ga Mayu aka kira fareti a Mian Mir, aka juyo da bakin igwoyi, aka karɓe makaman runduna huɗu ba tare da harbi ba. An maimaita haka a Peshawar. Su sojojin labari a ƙafa yake zuwa musu, Turawa kuwa a waya.

Daga nan John Lawrence, Baturen da ke mulkin Fanjab, ya shiga ɗibar sababbin sojoji cikin Sikh da Musulmin Fanjab da Pathan. Su waɗannan ba su manta cewa sojojin Bangal ne suka ci ƙasarsu shekara takwas da suka wuce ba, kuma Sikh ba su da marmarin dawowar mulkin Mughal. Sarakunan Patiala da Jind da Nabha suka tsare babbar hanyar da ta haɗa Fanjab da Delhi. Rundunar da ta fasa Delhi a Satumba, mafi yawan mutanenta ba Turawa ba ne.

Gwanin_Albarushi:
In ƙara da na kayan faɗa. Bindigar da suka ƙi ita ta cinye su. Tsohuwar da ke hannunsu mai santsin ciki ce, in abu ya wuce yadi ɗari sai dai sa'a. Enfield kuwa ma'auninta ya kai yadi 900. A Fatehpur ran 12 ga Yuli mutanen Janar Havelock na Ingila sun fara zubar da masu igwa da mahaya tun daga inda su ba za su iya ramawa ba.

Sai albarushi. Ran da aka shiga Delhi, Laftana Willoughby ya tayar da ma'ajiyar makaman cikin gari da wuta. Masu boren sun samu wasu kayan a wajen gari, amma abin da ake harbawa kullum sai an mayar da gurbinsa. Albarushi haɗin abu uku ne, gishirinsa da gawayi da farar wuta, kuma farar wutar ce ta yi musu wuya. Wanda suka haɗa a gida bai kai na Kamfani ƙarfi ba. A farkon Agusta ma masana'antar da suke haɗa shi a cikin birni ta fashe ta hallaka ma'aikata da yawa. Hular tagulla kuwa aikin masana'anta ce, in ta ƙare bindiga ta zama sanda.

Tsohon_Saje:
Da shugabanci. Subedar bai taɓa jan abin da ya wuce kamfani guda na mutum ɗari ba, haka aka tsara da gangan. Sun iya faɗa, Turawan da kansu sun yaba wa masu igwarsu. Abin da ba a koya musu ba shi ne haɗa bataliya goma su yi aiki tare, da tanadin abinci, da leƙen asiri. Turawa sun kama tudun da ke arewacin Delhi ran 8 ga Yuni da 'yan dubbai kaɗan, kwalara tana cinsu, har ta kashe musu manyan kwamandoji biyu, Anson tun a hanya da Barnard a kan tudun. Duk rundunar da ta iso birni sai ta fita ita kaɗai ta afka wa tudun ta gaba, a kore ta, gobe wata ta fita. Ba a dage wajen yanke hanyar da ke kawo musu kaya daga Fanjab ba sai a makare.

An fara ba ɗan sarki Mirza Mughal jagoranci, bai taɓa yaƙi ba. A farkon Yuli Bakht Khan ya iso daga Bareilly, tsohon subedar na igwa, da kuɗi da mutane masu horo, amma 'ya'yan sarki da sauran kwamandoji ba su bi shi da zuciya ɗaya ba. Ran 24 ga Agusta masu boren suka fita don su tare manyan igwoyin da giwaye ke jawo wa Turawa daga Fanjab. Washegari kwamandan Turawa Nicholson ya riski rundunar masu bore ta Neemuch a Najafgarh ya tarwatsa ta, ta Bareilly tana kusa ba ta kawo ɗauki ba. Igwoyin suka iso farkon Satumba, suka fasa ganuwa, ran 14 aka tayar da ƙofar Kashmir, cikin mako guda birni ya faɗi.

Alkalami_Kano:
Kada a manta kuɗi. Babu mai tara haraji daga ƙauyuka, sai aka koma matsa wa 'yan kasuwa da masu ba da rance na cikin birni. Wanda aka tatsa yau, gobe shi ke aika wa Turawa labari. Kafin Satumba sojoji da yawa sun sulale gida saboda yunwa da rashin albashi. Turawa kuwa teku tasu ce. Yaƙinsu da Farisa ya ƙare a Maris 1857, sojojin suka dawo a kan kari. Waɗanda aka tura yaƙin Sin aka juyo da su daga Singafo zuwa Kalkata.

Hajiya_Makaranta:
Ana ta lissafin igwa, ba a taɓo jinin da aka zubar ba, kuma ɓangarorin biyu suna da abin kunya. A Kanfur Nana Sahib, ɗan riƙon Peshwa na ƙarshe, wato shugaban daular Maratha, wanda Kamfani ya hana fanshon ubansa, ya yi wa Janar Wheeler alkawarin fita lafiya bayan mako uku na ƙawanya. Ran 27 ga Yuni aka buɗe musu wuta a bakin kogi suna shiga jirage. Ran 15 ga Yuli aka kashe mata da yara wajen 200 a gidan Bibighar aka zuba su a rijiya. Sojojin da aka fara umarta sun ƙi, sai da aka nemo wasu da takubba, har da mahauta. Babu uzurin da zai wanke wannan.

Amma tun farkon Yuni, kafin Kanfur, Kanar Neill yana rataye mutane ba shari'a yana ƙone ƙauyuka a kewayen Benares da Allahabad. Bayan Kanfur ya riƙa tilasta wa waɗanda aka kama su lashi jinin da ke daɓen gidan kafin a rataye su. An ɗaure mutane a bakin igwa an harba. A Delhi wani hafsan Turawa, Hodson, ya harbe 'ya'yan sarki biyu da jikansa bayan sun miƙa wuya, aka kori mutanen birni kaf, aka mayar da babban masallacin Juma'a barikin soja, ba a mayar wa Musulmi shi ba sai 1862. Shi sarkin aka kai shi Rangun ta ƙasar Bama, can ya rasu a Nuwamba 1862.

Yar_Damagaram:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma faɗuwar Delhi ba ta kawo ƙarshen yaƙin ba. A Lakno Begum Hazrat Mahal, matar sarkin Awad da aka tuɓe, ta naɗa ɗanta Birjis Qadr sarki, tare da Maulawi Ahmadullah Shah suka riƙe birnin har Maris 1858, sai da babban kwamandan Turawa Colin Campbell ya zo da babbar runduna, Jung Bahadur na Nepal ya kawo masa Gurkha, mayaƙan ƙasarsa. Ita ta ƙi afuwa, ta ƙare rayuwarta a Nepal. Sarauniyar Jansi, Lakshmibai, labarinta ya fi yadda ake ba da shi sarƙaƙiya. An ƙwace ƙasarta a 1854 saboda an ƙi amincewa da ɗan riƙon mijinta a matsayin magaji. Duk da haka bayan boren Yuni 1857 ta riƙa rubuta wa Turawa tana riƙon gari, tana kare shi daga maƙwabtanta na Orchha da Datia. Sai da ta tabbata sun ɗora mata alhakin kisan Turawan Jansi ta ɗaura ɗamara. Hugh Rose ya ci garin a Afrilu 1858, ta tsere, ita da Tatya Tope, kwamandan Nana Sahib, suka kama Gwalior, aka kashe ta a fagen fama cikin Yuni. Tatya Tope ya ci gaba da sari-ka-noƙe har aka ci amanarsa, aka rataye shi a Afrilu 1859.

Bakatsine_Zalla:
Abin da ya fi jan hankalina shi ne darasin da Turawa suka ɗauka game da sarakuna. Nizam na Hyderabad da Scindia na Gwalior da sarakunan Fanjab su suka tare musu ambaliyar. Shi ya sa sanarwar Sarauniya Victoria ta 1 ga Nuwamba 1858 ta yi alkawarin ba za a ƙara ƙwace masarautu ba kuma ba za a tsoma baki a addini ba, aka kuma mayar wa talukdar na Awad ƙasashensu. Gwamna Lugga a Madras aka haife shi a 1858, a Indiya ya fara aikin soja. Alkawarin da ya yi a Sakkwato a 1903 na barin addini da mulki ta hannun sarakuna, ai daga wannan makaranta ya fito.

Alkalami_Kano:
Akwai alaƙa, Malam Bakatsine, amma kada a ja ta da yawa. Abin da ya fi tilasta wa Lugga shi ne ƙarancin ma'aikata da kuɗi, ga kuma tsarin sarauta da alƙalai da haraji da ya tarar a tsaye. Sarakunan Indiya yarjejeniya ce tsakaninsu da Ingila, namu kuwa cinsu aka yi da yaƙi, Gwamna ke naɗawa ya tuɓe. Inda kamar ta fi fitowa shi ne ra'ayin cewa wasu ƙabilu ne suka dace da aikin soja. A Indiya Sikh da Gurkha da Pathan aka ɗora wa wannan suna, a nan Afirka ta Yamma aka ɗora wa Hausawa tun daga rundunar da Glover ya kafa a Legas a 1863.

Malam_Dogari:
Mu dawo kan tambayar mai tambaya. Ni har yanzu ina nan a kan cewa ba don harsashin ba da ba a tashi a 1857 ba. Ƙorafin albashi na soja ne, na gona na Awad ne, na gado na 'ya'yan sarauta ne. Abu ɗaya da ya taɓa Hindu da Musulmi lokaci guda, a baki ɗaya, shi ne kitsen.

Kwamanda_Baushe:
Malam, tarihin rundunar ya ba ka rabin gaskiya. A Vellore ran 10 ga Yuli 1806 sojojin Madras sun tashi saboda sabon rawani mai ado na fata, da dokar rage gemu da hana alamar addini a goshi. Sun kashe Turawa fiye da ɗari, suka ɗaga tutar gidan Tipu Sultan, tsohon sarkin Mysore, wanda 'ya'yansa ke tsare a ganuwar. Ka ga addini ne ya kunna. Amma Kanar Gillespie ya taso da dawakai daga Arcot cikin 'yan sa'o'i, kafin dare an gama. A Barrackpore cikin Nuwamba 1824 bataliya ta 47 ta ƙi tafiya yaƙin Bama saboda rashin shanun ɗaukar kaya da tsoron teku, aka buɗe musu igwa a filin fareti, abin ya tsaya nan. Dalilin addini ya sha tasowa. Abin da 1857 ta samu wanda waɗancan ba su samu ba shi ne daren da Hewitt ya yi zaune, da Delhi a buɗe, da ƙasar Awad da ke jiran mai kira.

Malam_Dogari:
Wannan ya bayyana yadda ta bazu, bai bayyana abin da ya sa mutum 85 suka zaɓi kurkuku a kan taɓa takarda ba. Ina nan a kan bakana.

Tsohon_Saje:
Ko Turawan ba su tsaya a dalili ɗaya ba, dubi gyaran da suka yi. A Agusta 1858 majalisar Ingila ta karɓe mulki daga Kamfani. Hukumar Peel ta ba da shawarar Bature ɗaya ga 'yan ƙasa biyu a Bangal, ɗaya ga uku a Madras da Bombay. An karɓe igwa daga hannun 'yan ƙasa, sai 'yan ƙananan na hawa dutse. An rage ɗibar Brahmin na Awad da Bihar, aka koma Fanjab da Nepal. A bataliyoyi da yawa an jera kamfanoni na ƙabilu daban-daban don kada bakinsu ya zo ɗaya. Sannan aka riƙa barin sojan Indiya da bindigar da ta gaza ta Bature, wasu ma Enfield aka ba su wadda aka yi ta da santsin ciki.

Uwar_Daki_Maradi:
Duk da haka ba a daina ba. Ran 15 ga Fabrairu 1915 a Singafo kusan rabin bataliya ta 5 ta dakaru, wadda Musulmi ne zalla, suka yi bore saboda jita-jitar za a kai su yaƙar Daular Usmaniyya, alhali Hong Kong za a kai su. Sai da aka nemi taimakon sojojin ruwan Japan da Faransa da Rasha, aka kashe 47 bayan shari'ar soja. Ragowar bataliyar an turo su Kamaru yaƙi da Jamus a wannan shekarar, fagen da sojojin Najeriya ma suke ciki, daga nan aka wuce da su Afirka ta Gabas.

Kwamanda_Baushe:
Sai na sojojin ruwa a Bombay, wanda ya fara ran 18 ga Fabrairu 1946 a sansanin Talwar kan rashin kyan abinci da zagin da kwamandansu ke yi musu. Cikin kwana biyu zuwa uku ya kai Karachi da sauran tashoshi, jirage 78 da mutum wajen 20,000, suka ɗaga tutar jam'iyyar Congress da ta Muslim League da ta 'yan gurguzu tare. Ma'aikatan Bombay suka shiga yajin aiki, aka harbe mutane da yawa a tituna. Patel na Congress da Jinnah na Muslim League duka suka ce su ajiye makami, suka sallama ran 23 ga wata. Malam Gwani, in da hali a buɗe wani zaren a kan yadda suka juya igwoyin jiragen suka auna gari da abin da ya faru da jirgin Hindustan a Karachi, don can ma an yi musayar wuta.